Ramin Ɓauren Demetrio

Me Demetrio Laganà yake ji a ransa duk watan Agusta, idan ya cika kwando da ɓauren farko ya miƙa ta saman shinge ga matar maƙwabcinsa da ya ɓace? Tausayi ne, tsoro ne, ko wata hanya ce ta neman gafara ba tare da buɗe baki ba? Ya mutu bai faɗa wa kowa ba. A unguwar 'yan Kalabriya ta kudancin Italiya da ke bayan tsohuwar masana'antar ƙarfe, a jihar Ohio, an tauna maganar nan har an gaji, kuma babu wanda ya kawo amsar da ta zauna.

Ɗansa Saverio ne ya gaji gidan da bishiyar. Ya yi ritaya daga tuƙin bas ɗin gari, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, ya rage daga shi sai ɓauren. Farkon Nuwamba, kamar kowace shekara, ya fito da shebur zai binne shi kafin sanyi ya kashe shi. Aikin bai taɓa canzawa ba: a ɗaure rassan da igiya, a naɗe su da tsofaffin barguna, a haƙa rami tsawon bishiyar, a sare saiwar gefe ɗaya, a kwantar da ita a hankali, a rufe da katako da ƙasa. Idan ƙanƙara ta narke a Afrilu sai a tono ta a tsayar.

Dokar uban ɗaya ce tak. "Iya gwiwa," in ji shi. "In ka wuce gwiwa ruwa zai kwanta, itacen ya ruɓe." Ba ma yadda za a yi a wuce ɗin, domin daidai gwiwa shebur ke cin karo da wasu faffaɗan duwatsu da Demetrio ya shimfiɗa a ƙasan ramin, wai don kada bishiyar ta kwana cikin taɓo. Saverio ya san ƙarar ƙarfe a kan duwatsun nan kamar yadda ya san tarin kansa.

Yana cikin haƙar ne Filomena Zappia ta leƙo ta saman shinge, riƙe da wani ƙaton ambulan. Tare suka girma. Tana ƙaramar yarinya ubanta Nazzareno, mai raba burodi a mota, ya fita wata safiya bai dawo ba. Kowa ya san bayan burodin yana ɗauko wa "abokai" takardun caca, mutanen nan da a lokacin suke dasa wa juna bam a mota, ba mai kiran sunansu. Amma labarin da ya zauna a unguwa shi ne ya gudu da wata mai aikin gidan abinci zuwa Florida. Da wannan gorin Filomena ta tashi, da shi kuma uwarta Rosaria ta shiga kabari.

"Saverio, ajiye shebur ɗin nan ka zo."

"In na ajiye wa zai ɗauka? Ke da ƙugunki?"

"Ƙuguna ya fi naka lafiya, tsohon banza. Zo ka gani. Takardun nan da na nema wajen hukumar binciken tarayya sun iso."

"Waɗanda kika nema tun gashinki yana baƙi?"

"Su. Rabi duk sun shafe da baƙar tawada. Amma akwai gidanku a ciki."

Ya goge hannu a wando, ya fito da tabarau, ya karɓi shafin da ta naɗe wa kunne. Rubutun keken rubutu ne na dā. Jami'ai biyu, a cikin mota a bakin layi, suna bibiyar wani Fortunato Crea, ɗan aiken ƙungiyar "abokan" nan. Washegarin ɓatan Nazzareno sun gan shi a bayan gidan Laganà tare da maigidan, suna haƙa dogon rami, su biyun sun nutse iya ƙirji. Sun ga an sauke wani dogon abu naɗe da kafet. Daga baya wani mai ba da bayani, wanda aka shafe sunansa, ya shaida musu al'adar mutanen unguwar ce binne ɓaure. Sun dawo a Afrilu, sun ga an tono bishiya daga wurin, suka rufe maganar.

Saverio ya yi dariya, ya miƙa mata. "To ai kin gani. Ɓaure ne. Su ma da kansu sun ce ɓaure ne. Kuɗin harajinmu ke nan, ƙarti biyu a mota suna gadin itace."

Filomena ba ta karɓa ba. "Sake karanta layi na uku."

"Na karanta."

"Iya ƙirji, Saverio. Kai da ka tsufa kana haƙa ramin nan, ka taɓa shiga iya ƙirji?"

"Babana gajere ne."

"Fortunato fa? Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci?"

Ya duba ramin da ke bayansa. Duwatsun sun fito fili, jiƙaƙƙu, an jera su tsaf kamar aikin magini.

"Dutse ɗaya kawai," in ji ta, muryarta ta sauka. "Ka ɗaga ɗaya mu duba. In ƙasa ce, zan ba ka haƙuri a gaban duk layin nan, in haɗa maka da taliyar Lahadi har bikin Ista."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Mutumin da ya gyara muku rufi? Wanda ya raka ki gaban Fada a coci ranar aurenki, da ba ki da uban da zai riƙe miki hannu?"

"Na sani. Shi ya sa ban kira 'yan sanda ba, na zo wajenka."

"To ki ji da kyau. Ina raye ba mai taɓa duwatsun nan."

Ya tura mata takardar ta saman shinge, ya shige gida, ya bar ramin a buɗe.

Abin da ya dame shi a kwanakin da suka biyo baya shi ne, duk abin da ya tuno game da ubansa sai ya ga yana da fuska biyu. Demetrio ba ya cin ɓauren gidan, yana cewa yana ɓata masa ciki. To amma a gidan mutane yana ci, har ya nemi ƙari. Bai taɓa yarda a ajiye kare ba. To ai mutane da yawa ba sa son kare. Idan zai wuce ta gefen bishiyar yakan taɓa goshi da ƙirji ya yi alamar gicciye. To ai daga ƙauyensu aka kawo reshen, ƙila uwarsa yake tunawa. Saverio yakan ɗauki kowanne ya juya shi, ya samo masa uzuri mai kyau, ya ajiye. Da ya waiwaya sai ya ga uzurorin sun yi yawa. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa, anya yana bukatar a yi ta nemo masa uzuri haka?

Har kallon maƙwabta ya fara yi daban. Tsohuwar da ke ƙetaren titi ta gaishe shi, ya tsaya yana tunanin ko gaisuwar ta fi ta kullum tsawo. Wa aka shafe sunansa a takardar? Wane ne ya yi saurin cewa ɓaure ne, kuma don me?

Ran Lahadi yayarsa Nunzia ta zo da tukunyar miya kamar yadda ta saba. Ta girme shi, kuma har yanzu kallon ƙaramin yaro take yi masa. Ya gaya mata komai tana yanka burodi, ba ta ɗago ba.

"Wannan matar tun tana yarinya ba ta iya barin abu ya kwanta ba," in ji ta. "Ka sare bishiyar, ka zuba siminti, ka samu wurin ajiye mota."

"Yaya, bishiyar Baba ce fa."

"Baba ya mutu. Jikokinsa ne ke raye, da sunansa suke yawo. Ɗanka lauya ne. So kake a ga gidan nan a talabijin, an zagaye shi da igiyar 'yan sanda?"

"In ba komai a ciki, me za a gani?"

"Ci abincinka."

"Yaya."

"Na ce ci abincinka. Kuma kada ka soma tambayata kafet ɗin Mama, don ban san komai ba."

Ya ajiye cokali. "Ban ce miki komai a kan kafet ɗin Mama ba."

Nunzia ta tsaya da wuƙa a hannu. Shi kuwa ya riga ya gan shi a ransa: jan kafet na falo, mai furanni a gefe, wanda ba a takawa da takalmi. Wata rana suka dawo daga makaranta suka tarar da falon tsirara. Uban ya ce giya ce ta zube a kai. Uwar ba ta ce uffan ba, ita da take ihu idan aka fasa ko kofin shayi. Ba mai naɗe ɓaure da kafet ɗin falo. Da tsumma ake naɗewa.

"Da aka tono bishiyar a Afrilun nan," ya ce a hankali, "da me take naɗe?"

"Da barguna, kamar kullum." Sai ta gane abin da ta faɗa. "Saverio, na roƙe ka da kabarin uwarmu. Mutumin nan bai taɓa kwana ya bar mu da yunwa ba."

"Na sani."

"To ka rufe ramin."

Washegari da rana ya tafi gidan kula da tsofaffi da ke wajen gari. Fortunato Crea ya haura casa'in, kuma shi ne ya riƙe Saverio a hannu ranar baftismarsa. Ya same shi a keken guragu a bakin taga, an lulluɓe masa ƙafa, dogayen hannayen nan sun zama ƙashi da jijiya.

"Kawu, sannu da hutawa."

"Wane ne? A'a, direba! Ka zo duba ko na mutu? Me ka kawo mini?"

"Busasshen ɓaure."

"Na gidanku?"

"Na gidanmu."

"Ajiye can. Haƙorana ba sa so." Bai ko kalli ledar ba.

Saverio ya ja kujera. "Filomena ta samo takardun gwamnati. Akwai sunanka a ciki."

"Me? Ɗaga murya, wannan kunnen ya tafi tun zamanin masana'anta."

"Ka ji ni sarai, Kawu. Da na ce ɓaure a hankali ai ka ji."

Tsohon ya yi murmushi, idonsa ya ƙanƙance. "Sunana yana cikin takardu da yawa. Duk da haka ga ni, ana ba ni kunun alkama ana goge mini baki. Me suka ce na yi?"

"Sun ce kun haƙa rami da Baba, iya ƙirji."

"Ubanka ko kaza bai taɓa yankawa ba. Uwarka ke yi, shi ya fita waje."

"Ban tambaye ka ko ya kashe wani ba. Na tambaye ka me ya kai ramin ɓaure ƙirji."

Fortunato ya daɗe yana kallon filin ajiye motoci. Wata ma'aikaciya ta wuce da tire, ya jira sai da ta yi nisa.

"Zan ba ka labari biyu," ya ce. "Na farko: muna haƙa muka fasa bututun ruwa, dole muka nutsa muka ɗaure shi. Shi ke nan. Na biyu kuwa, ka ɗauka a zamanin nan an ba wani saurayi kaya a bayan mota, an ce ya kai kogi, kada ya tambayi komai. Kayan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya biya gidan amininsa neman taimako. Aminin ya buɗe ya gani, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar mace. Ya ce wannan mutumin tare muka sauka daga jirgi, ba za a jefa shi a ruwa kamar mushen kare ba. In ya kai wa matar, an kashe su duka. In ya je wajen hukuma, an kashe 'ya'yansa. Sai ya ce to a sa shi inda matarsa za ta riƙa kallo daga tagar kicin, ko da ba ta sani ba."

Saverio ya matso da kujerarsa. "Wanne ne gaskiya?"

"Na tsufa, ɗana. Jiya na kira ma'aikaciyar nan da sunan matata. Zaɓi wanda za ka iya barci da shi."

"Wa ya gaya wa jami'an ɓaure ne? Kai?"

"Ni? In yi magana da su? Kai ma ka san da ban kai yau ba." Ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. "Ƙofar maƙwabta suka ƙwanƙwasa. Rosaria ce ta buɗe. Suka ce me mutanen can ke binnewa? Ta ce ɓaure mana, kowace shekara haka suke yi, ku ba ku da ɓaure a garinku? Baiwar Allah. Tana jiran mijinta ya dawo, amma sai da ta dafa mana kofi ta miƙo ta saman shinge, wai sanyi ya yi mana yawa."

"Kuka sha?"

"Ni na sha." Ya ja bargon ya rufe hannuwansa. "Tafi, lokacin maganina ya yi. Ka ɗauki ledarka."

A hanyar dawowa Saverio ya ga kamar an ba shi makami. Yanzu ƙin da yake yi ba don ubansa kaɗai ba ne. Idan aka ɗaga dutsen aka sami abin da ake tsoro, dole sauran maganar ta biyo baya, Filomena ta san cewa bakin uwarta ne ya sallami masu bincike, hannun uwarta ne ya shayar da masu haƙa. Ta san abin da ta yi ta ci duk Agusta tun tana yarinya, ta ba 'ya'yanta, ta ba jikokinta. Rufe ramin ai rufa mata asiri ne. Ya faɗa wa kansa haka har ya kusa yarda. Abin da ya hana shi yarda gaba ɗaya shi ne yadda hujjar ta yi masa daɗi. Haka ubansa ma ya yi tunani, ke nan: ya yanke wa mata biyu hukuncin abin da za su iya ɗauka, ya biya su da kwando.

Da ya iso gida ya tarar da kwalabe jere a bakin ƙofarsa. Ɓauren bana ne da ya aika wa Filomena, ta dafa da sukari kamar yadda uwarta take yi, kowace kwalba da ƙyalle a baki. Ba ta bar saƙo ba. Ya ɗauki ɗaya ya zagaya bayan gida. Tana tsakar gidanta tana kwashe shanya.

"Mene ne wannan, Filomena?"

"Kayanka ne."

"Haba. Shekara nawa kina ci?"

"Shi ya sa." Ta ninke zanen gado ta ɗora a kafaɗa. "Ba faɗa na zo yi ba, Saverio. Na sa cokali a ciki na kasa kai wa baki, shi ke nan. Ka san dutsen kabarin Mama? Ta sa an sassaƙa sunan babana kusa da nata, da ranar haihuwa, aka bar sauran wurin fili. Matan coci suna wucewa suna taɓa juna, wai har a kabari tana jiran mutumin Florida. Ni ban damu da wanda ya yi ba. Duk sun mutu, ko sun kusa. So nake in san ko gudu ya yi ya bar ni."

"In abin da za ki ji ya fi wannan ciwo fa?"

Ta dube shi da kyau. "Ka je wajen Fortunato."

"Tsoho ne, ba ya gane matarsa daga ma'aikaciya."

"Me ya ce?"

"Ya ce bututun ruwa ne."

"Bututun layin nan ta gaban gidaje ya bi. Kai ma ka sani." Ta ɗauki kwandon kayanta. "An ce jibi ƙasa za ta daskare. Ka kwantar da bishiyarka kada ta mutu a banza."

Ta shige, ya ji ta murɗa makulli. Bai taɓa jin ta kulle ƙofar baya da rana ba.

Da safe ciyawa ta yi fari da sanyi. Saverio ya ɗaure rassan, ya naɗe su da barguna, ya sare saiwar gefe ɗaya. Abin da ya rage kaɗan ne: ya tura bishiyar ta kwanta a kan duwatsun, ya jera katako, ya mayar da ƙasa. Daga nan sanyi zai kulle wurin har Afrilu, a Afrilu kuma ganye zai fito, mutum ya ce bari a bari sai an ci na bana. Ya ɗora hannu a jikin bishiyar, ta ɗan rusuna. Sai ya ɗaga kai. Daga inda yake tsaye, tagar kicin ɗin Zappia tana kallon ramin kai tsaye, kuma labulen ya motsa.

Ya saki bishiyar. Ya shiga gareji ya ɗauko dogon ƙarfen da ubansa yake ɓamɓare kankare da shi, ya zo bakin shinge.

"Filomena!"

Ta buɗe taga. "Lafiya?"

"Sa rigar sanyi ki zagayo. Akwai abin da Fortunato ya faɗa da ban gaya miki ba, har da maganar Mamarki. Zan faɗa miki duka, ba zai yi miki daɗi ba. Kuma ban san ko gaskiya ne ba."

Ta kalli ƙarfen da ke hannunsa. "Nunzia ta sani?"

"Za ta sani. Ƙila ba za ta sake kawo mini miya ba."

"Miyarta ma gishiri ya yi mata yawa."

Ta fito da silifas, riga a kafaɗa, ta bi ta ƙaramar ƙofar shingen da Demetrio ya yi musu tun suna yara. Ta tsaya a bakin ramin ta harɗe hannuwa, leɓɓanta na motsi ba sauti.

Saverio ya sauka cikin ramin, ƙasar ta tsaya masa iya gwiwa. Ya share taɓon da ke tsakanin duwatsu biyu na tsakiya da bakin takalmi, ya cusa kan ƙarfen a tsagar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya danna da dukan nauyinsa. Dutsen ya yi ƙara, gefensa ya rabu da ƙasa.